Wa ya fi iya bugu idan Oktoba ya kama? Muhawarar masoya ƙwallon gora (baseball) na Amurka

Kawu Mai Tasi: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na kai motata wurin bakanike a nan Bronx, wani mutumin Dominika, muka shiga musu har ya ajiye sifana ya tsaya yana nuna ni da yatsa. Shi a wajensa Manny Ramirez ne sarkin bugu na wasannin ƙarshen kaka, tunda ya haura katanga, wato ya buga ƙwallo ta fita bayan katangar fili ya ci maki, sau 29, kuma babu wanda ya kai shi. Ni kuma na ce masa Reggie Jackson. Ranar 18 ga Oktoba 1977, yana buga wa Yankees, wasa na shida na gasar ƙarshe ta World Series da Dodgers, mutumin nan ya kai wa ƙwallo duka sau uku kacal, dukkansu ukun suka fita fili. Masu jifa uku daban-daban, Hooton da Sosa da Hough, kowanne a jifarsa ta farko. Ba banza aka sa masa Mista Oktoba ba. Ku raba mu gardama.

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam Kawu. Da girman kujerarka, amma ka tsallake David Ortiz, kuma na san dalili, Boston yake wa wasa. A World Series ta 2013 ya tsaya bugu sau 16 ya ci 11. Ma'auninsa .688. Da abokan karawarsu Cardinals suka ga abin ya fi ƙarfinsu sai suka daina jefa masa ta kirki, sau 8 suna ba shi tasha kyauta, wato ya wuce tashar farko ba tare da ya buga ba, kuma ba a ƙirga waɗannan cikin 16 ɗin.

Sabon Shiga: Yayye ku yi haƙuri, daga Kano nake bin ku, bara na fara kallo. Ƙarfe ɗaya na dare ake fara wasannin a agogonmu, sai na yi barcin farko na tashi. Wannan .688 ɗin me yake nufi? Kuma me ya sa Oktoba kawai ake magana?

Malamin Lissafi: Barka da zuwa ƙanena. Ka ɗauka mai bugu ya tsaya sau dubu. Adadin da ya buga ƙwallo ya isa tasha lafiya ba a fitar da shi ba, shi ne wannan lambar. Wanda ya ci 300 cikin dubu, wato .300, gwani ne sosai, domin wasan yana da wuyar da ko gwanaye sukan faɗi sau bakwai cikin goma. Ita kuma kaka tana da wasa 162 ga kowace ƙungiya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Bayan nan sai waɗanda suka yi fice su shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, a ƙare da World Series, wanda ya riga cin huɗu cikin bakwai shi ne zakara.

Kawu, a kan tambayarka. Kafin a ce wane ya fi wane dole a tuna cewa ba ma'auni ɗaya ake awo da shi ba. Har zuwa 1968 babu wani mataki sai World Series kaɗai, wasa bakwai in ya yi yawa. A 1969 aka ƙara mataki ɗaya, a 1995 aka ƙara wani, tun 2022 kuwa ƙungiya 12 ke shiga. Manny ya yi 29 ɗinsa ne a wasa 111, ya tsaya bugu sau 410. Babe Ruth ya yi 15 a wasa 41, tsayuwa 129. Raba ka gani. Ruth yakan haura katanga sau ɗaya a kowace tsayuwa tara ba kaɗan, Manny sai a kowace sha huɗu. Bakaniken naka ya ƙirga buhu ne bai duba girman gonar ba.

Kawu Mai Tasi: To Malam, ai ka tsaya mini kenan.

Malamin Lissafi: Rabi na tsaya maka Kawu. Reggie a World Series babu musu, wasa 27, ma'auni .357, ya haura katanga sau 10, kuma an ba shi kyautar gwarzon gasar sau biyu, 1973 da Oakland, 1977 da Yankees. Amma a matakin da ke kafin nan, wasa 45 ya yi, ma'auninsa .227 ne. A wannan shekarar ma ta 1977, da suka kara da Kansas City, 2 ya ci cikin 16, har kocinsa Billy Martin ya zaunar da shi a benci a farkon wasan ƙarshe. Kwana tara tsakanin zaman benci da daren da kake ba mu labari. Mutum ɗaya, sanda ɗaya, wata ɗaya.

Kawu Mai Tasi: Amma da ya shigo daga benci a turmi na takwas, cikin zagaye tara da ake yi a wasa, ai ya buga wadda ta kawo maki. Wannan shi nake faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Uwar Biyu: Ina wuninku. Ni ban ga zamanin Reggie ba, Derek Jeter na gani da idona. A 2001 ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, birnin nan duk a firgice bayan abin da ya faru ranar 11 ga Satumba, mu masu ɗankwali ko jirgin ƙasa muka shiga sai mun yi ta addu'a. Akwai wani tsoho da nake kula da shi, ba ya iya juyawa da kansa, amma ba ya yarda a kashe masa rediyo in Yankees na wasa. Daren 31 ga Oktoba, a World Series tsakanin Yankees da Arizona, Arizona na gaba da maki biyu, saura mutum ɗaya a tashi, Tino Martinez ya farke. Agogo ya buga sha biyun dare, an shiga Nuwamba, Jeter ya zo a turmi na goma ya tura ta ta ɓangaren dama ta wuce katanga. Tsohon nan ya riƙe mini hannu da 'yan yatsunsa masu sanyi yana kuka. Wannan daren ban manta shi ba. Kuma ba dare ɗaya ba ne, bugu 200 cif Jeter ya ci a wasannin ƙarshen kaka, babu mai kama ƙafarsa.

Ɗan Zango: Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri kan tsohon nan. Amma a wannan gasar ta 2001, 4 kawai Jeter ya ci cikin 27, kuma Arizona ce ta ɗauki kofin.

Uwar Biyu: Na sani ƙanena. A 2000 fa, da Mets? .409, shi aka ba kyautar.

Malamin Lissafi: Hajiya ta kawo mutumin da ya fi kowa amfani a wannan muhawarar, ba don ya fi kowa bugu ba. Jeter ya yi wasa 158 a ƙarshen kaka, wato kusan kaka guda cur. Ma'auninsa na duk rayuwarsa a wasannin yau da kullum .310. Na ƙarshen kaka .308. Kun gani? Idan aka ba mutum isasshen lokaci, lambarsa ta Oktoba takan dawo ta zauna kusa da ta sauran watanni. Abin yabon Jeter shi ne ya riƙe wannan matsayin alhali masu jifan da yake fuskanta a Oktoba zaɓaɓɓu ne, babu ragowar ƙungiyoyin da ake tara lamba a kansu a watan Yuni. Amma duk wanda ya yi wasa 14 ko 20, lambarsa na iya tashi sama ko ta faɗi ƙasa ba tare da ta gaya mana gaskiyar ko wane ne shi ba.

Ɗan Maraɗi: Malam ban yarda da kai duka ba. Ni ɗan kokawa ne tun ina yaro, na san akwai wanda in a dandalin unguwa ne ba a kada shi, amma ranar da aka tara jama'a ana neman takobi sai gwiwarsa ta yi sanyi. Faɗuwar gaba gaskiya ce. Dubi Ted Williams. An ce babu wanda ya fi shi ido da hannu, .344 duk rayuwarsa, shi ne na ƙarshe da ya wuce .400 a manyan rukunan wasan biyu, American League da National League, a 1941. Ya samu World Series ɗaya a 1946, me ya yi? 5 cikin 25, duk ƙananan bugu, maki ɗaya ya kawo. Willie Mays ya haura katanga sau 660, amma a wasa 20 na World Series ko sau ɗaya bai yi ba. Ty Cobb .262, ya je sau uku an doke su sau uku. Duk wannan sa'a ce?

Ɗan Zango: Kan Williams ka bar ni in amsa, na gidanmu ne. Kwanaki kaɗan kafin gasar, Boston ta shirya wasan motsa jiki don kada jikin 'yan wasa ya mutu, ƙwallo ta same shi a gwiwar hannu ta kumbura. Da wannan hannun ya buga wasa bakwai ɗin. Bai taɓa fakewa da ciwon ba, kuma bai sake samun wata damar ba har ya yi ritaya a 1960.

Malamin Lissafi: Ko babu ciwo ma, Ɗan Maraɗi, tsayuwa 25 mako ɗaya ne. Da uku daga cikin waɗanda aka cafke sun faɗi ƙasa, 8 cikin 25 kenan, .320, da yanzu ba ma wannan maganar. Bugu uku ne tsakanin zagi da yabo na shekara kusan tamanin. Ba na cewa tsoro ba ya kama mutum. Cewa nake ba za ka iya gane shi daga tsayuwa 25 ba.

Ga wanda ya fi dacewa da maganarka, sannan ya rushe ta. Barry Bonds kafin 2002 ya yi wasa 27 a ƙarshen kaka, ma'auni .196, sau ɗaya tak ya haura katanga a tsayuwa 97. Jaridu suka gama yanke masa hukunci cewa ba shi da zuciya. A 2002 ya haura katanga sau 8 a wasa 17. A World Series da Angels ya ci 8 cikin 17, huɗu daga ciki sun fita fili, aka ba shi tasha kyauta sau 13, bakwai da gangan don ana tsoronsa. Zuciyar daga ina ta zo rana tsaka?

Kawu Mai Tasi: Daga allura ta zo Malam, kowa ya san zargin da ke kansa. Shi ya sa har yau ba a shigar da shi zauren gwanaye na Cooperstown ba. Manny ma an dakatar da shi wasa 50 a 2009 kan ƙwaya. Ni waɗannan biyun ba na sa su layi ɗaya da Reggie, kuma haka na gaya wa bakaniken.

Malamin Lissafi: Wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa. To ɗauki Dave Winfield, wanda babu irin wannan zargin a kansa. 1 cikin 22 a gasar 1981, daga baya mai ƙungiyar Yankees, Steinbrenner, ya kira shi Mista Mayu don ya muzanta shi. A 1992, yana da shekara 41, shi ya yi bugun da ya ba Toronto kofinta na farko, a turmi na sha ɗaya na wasa na shida.

Ɗan Zango: Ku bar ni in dawo kan Ortiz, don ba 2013 kaɗai nake nufi ba. A 2004 ina sabon zuwa daga Kumasi, ina zaune a Worcester wajen yayana, azumi ya kama da kwana biyu ko uku. A matakin da ke kafin World Series, Yankees sun ci mu uku a jere, na ukun ma 19 da 8, kuma a tarihin wasan babu ƙungiyar da ta taɓa dawowa daga nan. Mun dawo daga asham muka tarar ana wasa na huɗu. Aka yi ta yi har bayan ƙarfe ɗaya na dare, turmi na sha biyu, Ortiz ya aika ta waje. Yayana ya ce babu amfanin kwanciya, muka ɗumama waken da shinkafa muka jira sahur. Da yammar ranar aka sake shiga fili, muka sha ruwa ana wasa, muka yi sallah muka dawo ana wasa, kusan awa shida, turmi na sha huɗu, shi ɗin dai ya sake bugawa maki ya shigo. Sau biyu a cikin yini ɗaya ya ciro ƙungiya daga bakin kabari. Daga nan Boston ta wuce ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1918. Malam, wane lissafi ne zai auna wannan?

Malamin Lissafi: Babu, kuma ba zan yi ƙoƙarin aunawa ba. Abin da zan ƙara kawai, a 2013 ɗin da kake alfahari da ita, mako guda kafin .688, Ortiz ya ci 2 cikin 22 a karawarsu da Detroit.

Ɗan Zango: Ɗaya daga cikin biyun kuma tashoshi uku cike suke da mutane, ana bin mu 5 da 1 a turmi na takwas, ya share su duka ya farke.

Uwar Biyu: Wannan gaskiya ne, ina gani Torii Hunter ya bi ƙwallon har ya kifa ta kan katanga.

Sabon Shiga: Malam, kana ta rushe na kowa. Kai wa ka zaɓa?

Malamin Lissafi: Lou Gehrig, kuma abin yana damuna yadda har muka kai nan babu wanda ya ambace shi. Wasa 34 a World Series bakwai, Yankees suka ci shida. Ma'auni .361, ya haura katanga sau 10, ya kawo maki 35 gida, wato fiye da maki ɗaya a kowane wasa. Ruth ya kawo 33 a wasa 41. Matsalar Gehrig ita ce yana bin bayan Ruth a jerin bugu, kuma yana bin bayansa a bakin mutane. A 1928 kowa na tuna Ruth ya ci 10 cikin 16 kuma ya fitar da uku a wasan ƙarshe. A wannan gasar Gehrig ya ci 6 cikin 11, huɗu sun haura katanga, maki 9 a wasa huɗu. A 1932 a Chicago, ranar da ake cewa Ruth ya nuna wurin da zai aika ƙwallo kafin ya buga, Gehrig ne ya biyo shi, shi ma ya aika tasa waje, ta biyu kenan a ranar. A wannan gasar .529 ya yi. Wa ke ba da labarinsa?

Kuma ba shi da shekarar da ya nutse gaba ɗaya irin ta Ruth a 1922, da ya ci 2 cikin 17. Gasarsa ta ƙarshe a 1938, 4 cikin 14 duk ƙanana, ba maki ko ɗaya, ita ma tana cikin wannan .361 ɗin, alhali a lokacin ƙarfinsa ya fara raguwa. A farkon kakar 1939 ya cire kansa daga wasa bayan ya buga 2,130 a jere, aka gano ciwon jijiyar da yanzu ake kira da sunansa, ya rasu a 1941 yana da shekara 37.

Ɗan Maraɗi: Allah Sarki. Amma Malam, kai da bakinka ka ce wasa kaɗan ba ya nuna gaskiya. 34 ɗin ya isa?

Malamin Lissafi: Bai isa ba shi kaɗai. Abin da ya sa na yarda da shi, ma'auninsa na yau da kullum .340 ne, don haka .361 ba tsalle ba ne daga inda yake.

Uwar Biyu: Akwai abin da ba za mu yi shiru a kai ba Malam. Ruth da Gehrig ba su taɓa fuskantar baƙar fata ko ɗaya a waɗannan wasannin ba. An hana su shiga har sai da Jackie Robinson ya karya shingen a 1947. Satchel Paige na nan da ransa yana jifa a lokacin, Josh Gibson na bugu, amma a rukuninsu na daban. Ɗana na biyu yana buga wa ƙungiyar yara a unguwa, kocinsu ne ya zaunar da su ya gaya musu wannan, yaron ya dawo gida yana tambayata dalili. Zakaran da aka fitar bayan an rufe wa wasu ƙofa, a faɗi lambarsa amma a faɗi wannan ma.

Malamin Lissafi: Kin yi gaskiya Hajiya, ba ni da amsa a kan wannan. Idan za a fara ƙirga daga 1947, sai in koma wajen Hank Aaron. Kaka 23 ya yi, sau uku kawai ƙungiyarsa ta kai shi Oktoba, amma a wasa 17 ya yi .362 ya haura katanga sau 6. A 1957 ya yi wa Yankees .393 Milwaukee ta ɗauki kofi. A 1969 wasa uku aka yi da Mets, a kowanne ya fitar da ɗaya. Sai Roberto Clemente, wasa 14 na World Series, babu wanda bai ci bugu a cikinsa ba.

Kawu Mai Tasi: Kun manta Mickey Mantle ne? 18 a World Series zalla, har gobe shi ke riƙe da wannan. Kuma da ƙafa ɗaya ya yi su, tun yana ɗan shekara 19 a gasar 1951 takalminsa ya maƙale a murfin magudanar ruwa a fili yana bin ƙwallon da Mays ya buga, gwiwar ba ta sake zama daidai ba.

Malamin Lissafi: Wasa 65 ya samu Kawu, ma'auninsa .257, an kore shi da jifa, wato mai jifa ya fitar da shi bai buga ba, sau 54. Amma ina ba shi uzurin da ba na ba Ruth. Su Sandy Koufax da Bob Gibson ya fuskanta, kuma duka biyun ya haura musu katanga, Koufax a 1963, Gibson a wasa na bakwai na 1964.

Ɗan Maraɗi: Abin da ke ba ni tausayi su ne waɗanda ko filin ba su taka ba. Ernie Banks ya buga wa Cubs wasa 2,528, bai ga wasan ƙarshen kaka ko ɗaya ba. Ken Griffey ƙarami ya haura wa Yankees katanga sau biyar a wasa biyar a 1995, amma har ya bari bai shiga World Series ba. A kokawa kai kaɗai kake kai kanka. A nan sai mutum ashirin da wani abu sun kai ka.

Sabon Shiga: To na yanzu fa? Ni abin da ya sa na kamu da wasan shi ne Freddie Freeman na Dodgers a World Series ta 2024 da Yankees, turmi na goma, tashoshi a cike, yana ɗingishi, ya gama wasan da bugu ɗaya. Ihun da na yi sai da mahaifiyata ta fito tsakar gida da fitila tana tambayar lafiya.

Kawu Mai Tasi: Ɗana, kada ka tuna mini. Ina ajiye a River Avenue ƙarƙashin gadar jirgi mai lamba 4 a daren wasa na biyar, muna gaba 5 da nema, Aaron Judge ya saki ƙwallon da ta zo masa hannu, daga nan komai ya warware. Fasinjojin da na ɗauka bayan an tashi, uba da ɗansa, har muka isa Yonkers babu wanda ya ce uffan.

Malamin Lissafi: Freeman ya haura katanga a wasanni huɗun farko a jere, ya kawo maki 12 a wasa biyar, daidai da abin da Bobby Richardson ya yi a 1960 cikin wasa bakwai. Kuma a matakai biyun da suka gabaci wannan gasar, da ciwon idon sawu, ko babban bugu ɗaya bai yi ba.

Kawu Mai Tasi: Irin na Reggie kenan a 1977, shiru-shiru sai ranar da ake bukata. Gobe in Allah Ya kai mu zan koma karɓar mota, zan kai wa mutumin lissafin Ruth da Manny a rubuce. Malam, turo mini adadin tsayuwar kowannensu ta waya, ka haɗa da na Gehrig da Aaron, don na san zai ce in nuna masa.